Gishiri Da Ruwan Daɗi A Bakin Kogin Bolta

Duk ɗan kasuwar da ke saro bandar kifi da jatan lande a Aflao ko Denu ya kamata ya san cewa kayan nan suna da alaƙa da wani itace da ke tsaye cikin laka a bakin teku, wanda ake kira mangurof. Cikin saiwoyinsa ne ƙananan kifaye da ƙaguwa da jatan lande suke fakewa har su girma, kuma da shi ne mata ke yin banda.

Itacen nan ya fi son wurin da ruwan teku da na kogi suka gauraya. Wani irinsa yakan tace gishiri tun daga saiwa, wani kuma yakan fitar da shi ta ganye, har mutum ya ga ganyen ya yi fari-fari. Amma idan gishirin ya wuce kima sai ya tsumbure. Idan kuma ruwan daɗi ne zalla, sai ciyayin ruwa su mamaye wurin.

Duka biyun sun faru a ƙasar Gana. Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965, aka ƙara ta Kpong a 1982, ambaliyar da ke zuwa kowace shekara ta daina zuwa. Tafkin Keta ya rasa ruwan da ke wanke masa gishiri. A bakin kogin kuwa, wajen Ada, rairayi ya taru ya rage shigar ruwan teku, ciyayi da katantanwa masu yaɗa tsargiya suka yawaita, har ta kai hukumar da ke kula da madatsun ta shiga yashe bakin kogin. Mutanen da noma da kamun kifi suka lalace masu sai suka koma sarar mangurof, suna kai shi kasuwar itace ta Anyanui. Ba mu ga laifinsu ba, domin mai iyali ba zai zauna da yunwa ba.

Abin takaici shi ne, tun 1992 aka sa tafkunan Keta da Songor cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi, amma sara bai tsaya ba. Ambaliyar 2023, lokacin da aka saki ruwan Akosombo ya cinye gidaje a Mepe, ta nuna cewa mazauna ƙasan kogin ne ke ɗaukar asara, ko an riƙe ruwa ko an sake shi.

Saboda haka muna kira ga hukumar madatsun da ta riƙa shawara da masunta da manoma a kan lokacin sakin ruwa da yawansa. Su kuma ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu na zango, su da ke ba masu banda kuɗi tun kafin kifi ya fito, suna iya ware wani abu don gina murhun Ahotor mai cin itace kaɗan, su kuma fifita saye daga garuruwan Anlo da ke sake dasa mangurof bayan sun sare.