Injin sit na ƙarfe ba jarumta ba ce

1/ Duk wanda ya ce maka ka cire injin sit na roba a yi maka waldar ƙarfe saboda wai "ai motar fili ce", ka tambaye shi ko shi zai biya kuɗin abin da zai tsage daga baya. Zaren yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri. Maganar ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya.

2/ Tsofaffin BMW nake nufi, E30, E36 da E46, waɗanda su ne dawakan masu wasan mota yanzu. E36 ta fara fitowa ne a 1990. Ta girme ni, ta girmi yawancinku. Ƙarfenta ya sha wahalar shekara 30 kafin kai ka fara jan ta gefe kana tayar da ƙura.

3/ Sit aiki biyu yake yi: ya riƙe injin da giyabos a wurinsu, kuma ya shanye girgiza kafin ta shiga jikin mota. Na kamfani a E46 ba roba zalla ba ce, akwai ruwa a ciki. Ranar da ya fashe ruwan ya tsiyaye, injin sai ya ɗan zauna ƙasa, kai ba ka ma sani ba.

4/ Idan ka taka totur, injin yana juya farfela ta gefe guda, shi kuma gangar jikinsa tana neman murɗawa ta ɗaya gefen. A motar da ke ja da baya, gefen hagu ne ke ɗagawa, wato wajen direba. Sit na dama danne shi ake yi, na hagu jan sa ake yi. Roba tana jure danniya, ba ta son ja. Shi ya sa na hagu ke riga mutuwa.

5/ Kuma ba abin wasa ba ne. A 1971 kamfanin General Motors a Amurka ya kira motocin Chevrolet sama da miliyan 6 saboda wannan sit na hagu. Yana yankewa, injin ya ɗaga, ya ja totur ya maƙale a buɗe. Gyaran da suka yi shi ne ɗaure injin da igiyar ƙarfe don kada ya ɗaga.

6/ To har nan ni da 'yan walda bakinmu ɗaya: mataccen sit haɗari ne. Injin yana rawa, fanka ta ci lagireto, shi ke nan wasan ranar ya ƙare.

7/ Mafi muni shi ne giya sit. Idan ya yi laushi, a tsakiyar kwana giyabos yana gocewa, sandar giya ta goce tare da shi. Hannunka ya saba da inda lamba huɗu take, amma ba ta nan. Daga uku kana neman huɗu sai ka faɗa biyu.

8/ Ku yi lissafi da ni. A giyar ZF mai lamba biyar ta 328i, ta biyu 2.49 ce, ta uku 1.66. Kana 6,000 a uku ka jefa biyu ka saki kuloci, injin ya tafi 9,000. Na'urar da ke yanke mai ba za ta cece ka ba, domin taya ce ke juya injin a lokacin. Bawul ya gaisa da fistin. Ka je ka tambayi kuɗin injin a Ƙofar Ruwa ko Panteka, in ka dawo sai mu ci gaba.

9/ Inda muka rabu shi ne maganin. Wai tunda roba tana mutuwa a sa abin da ba ya mutuwa. Malam, girgiza ba ta ɓacewa don ka sa ƙarfe. Wuri kawai take canzawa. Abin da roba ke shanyewa a da, yanzu kurosmemba ce za ta sha, da hannuwan alminiyam da ke riƙe da injin, da salansa, da wayoyi, da duk wani noti da ke motar.

10/ Kuma E36 an san ta da tsagewa daidai inda sit ke zama a kan kurosmemba. Har faranti na musamman ake sayarwa don a yi waldarsa a ƙarfafa wurin. Wurin da ke tsagewa da roba, shi za ka ɗora wa ƙarfe kai tsaye? Haba.

11/ "Ai motocin gasa na Turai ƙarfe suke sawa." Wasunsu, ƙwarai. Amma an ƙarfafa jikinsu tukuna, kuma bayan kowace gasa ana ɗaga su a bi noti ɗaya bayan ɗaya ana neman tsaga. Kai yaushe rabon da ka leƙa ƙarƙashin taka? Motar da ka yi wasa da ita ranar Lahadi, Litinin da ita za ka tafi lakca, Talata a aike ka kai Hajiya biki.

12/ Masu cewa yana ƙara ƙarfi kuma, ko doki ɗaya bai ƙara ba wallahi. Sitiyari ne ke kaɗa maka hannu, madubi na rawa, kunnenka ya cika, sai ka ji kamar kana tashi sama.

13/ Ni abin da na tsaya a kai: ko sabuwar roba mai tauri, ko foliyuretan mai matsakaicin tauri. Ana auna taurin da lamba da harafin A. Robar taya tana wajen 60A zuwa 70A. Sit mai 70A zuwa 80A ya ishi motar da ke shiga fili kuma tana hawa titi. 95A kuwa saura kaɗan ya zama ƙarfe, a bar wa motar da ba ta da wani aiki sai gasa.

14/ Mai silinda huɗu irin 318 ya ma fi buƙatar sassauci. Injin silinda shida a jere yana daidaita kansa, mai huɗu kuwa da girgizarsa aka haife shi.

15/ Ga wanda ya fi ba ni haushi: a bar injin sit na roba ya tsufa, a sa giya sit na ƙarfe don giya ta daina gocewa. Injin yana murɗawa, wutsiyar giyabos a ɗaure tam. Wa zai ɗauki murɗar? Kwanson giyabos, wanda alminiyam ne, ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi. Taurin gaba da na baya su tafi tare, kuma a canza su gaba ɗaya.

16/ Kafin ka kashe ko sisi, duba yoyon baƙin mai. A injin M52 da M54 gaskit ɗin gidan filtar mai yana yawan yoyo, kuma a hagu yake, saman sit ɗin da ya fi shan wahala. Mai yana kumbura roba ya lalata ta. Ka sa sabo a ƙarƙashin yoyo, sannan ka zo nan kana zagin roba. Ta dama kuma salansa ce, kuma foliyuretan ba ya son zafi, don haka kada bakanike ya jefar maka da farantin kare zafin nan ya ce ba shi da amfani.

17/ Sit ɗan Beljiyam fa? Injin ɗan Beljiyam na yarda, giyabos na yarda. Roba kuwa shekaru ke kashe ta ko tana ajiye. Wanda aka ciro daga motar 1998 sa'an naka ne, an dai wanke shi ya yi ƙyalli. In na kamfani kake so, nemi sabon Lemförder ko Corteco, ka kuma buɗe ido don jabu ya yi yawa.

18/ Gwajin ba ya cin kuɗi. Buɗe bonet, ja burkin hannu, taka burki, sa lamba ɗaya, ka ɗan saki kuloci kaɗan. Wani ya tsaya a gefe yana kallon injin. A GEFE na ce, ba a gaba ba. Idan hagu ya yi tsalle ya dawo da ƙara, ajiye makullin, motar nan ba ta shiga fili wannan satin.