Wasiƙa Ga Masu Rubuta Manhaja Da Ke Son Shiga Fagen Kwantam

'Yan'uwana abokan sana'a,

Na ga da yawanku sun karkata ga kwamfutar kwantam, kuma abin ya faranta mini rai. Tun 2016 IBM ya sa na'urarsa a intanet, har ma wanda ke zaune a Kano ko Damagaram zai iya gwada aikinsa a kan kiyubit na gaske ta hanyar manhajar Qiskit. Sai dai iya Qiskit somin taɓi ne. Jarin wannan sana'a lissafi ne: aljebrar matiriks, lissafin yiwuwa, da ilimin auna wahalar matsala. A 1994 Peter Shor ya fito da hanyar kwantam mai sauri ta warware babbar lamba zuwa lambobin da aka ninka aka same ta, alhali ba a ƙera na'urar da za ta gudanar da ita ba. Tsaron tsarin ɓoye bayanai na RSA ya dogara ne a kan wahalar wannan aiki, shi ya sa hukumar NIST ta Amurka ta fitar da sababbin ƙa'idojin ɓoye bayanai a 2024.

Roƙona gare ku shi ne kada ku raina kwamfutar da muka saba da ita. A 2016 Kerenidis da Prakash suka wallafa algoridim na kwantam mai hasashen abin da mai saye zai so, aka ɗauka babu kwamfutar yau da kullum da za ta kamo ƙafarsa. Scott Aaronson ya ba ɗalibarsa Ewin Tang aikin tabbatar da hakan a Jami'ar Texas da ke Austin. Ta yi ta fama hujjar ta ƙi fitowa, sai ta juya akalar binciken, ta samo hanyar gargajiya da ta rushe fifikon. A 2018 ke nan, tana da shekara 18. Haka a 2019 Google ya ce na'urarsa Sycamore ta gama cikin daƙiƙa 200 aikin da zai ɗauki babbar kwamfutar gargajiya shekara 10,000, IBM ya ce kwana biyu da rabi sun isa. Don haka kafin ku ce dabararku ta fi sauri, ku zauna ku yi iya ƙoƙarinku wajen kayar da ita da kanku.

Mai neman inda ake buƙatar hannu ya dubi gyaran kurakurai. Kiyubit ba ya jure ɗan zafi ko motsi, kuma sai an haɗa da yawa kafin a sami ɗaya abin dogaro. Masu son kimiyyar sinadarai kuma su nufi kwaikwayon ƙwayoyin zarra da sinadarai, domin buƙatar kwaikwayon tsarin kwantam ce ta sa Richard Feynman ya kawo shawarar irin wannan na'ura a 1981.

Allah Ya ba da sa'a. Wassalam.