Wa Zai Koyi Ilimin Tsufa Idan Aka Rufe Wa Masu Jinyar Tsofaffi Ƙofa?



Malamin da ya koya mini baƙaƙen boko a Burkusuma yana nan da ransa, amma yau bai san sunana ba. Gigin tsufa ya kama shi. A daren da jama'a suka watse saboda 'yan bindiga, 'yarsa ce ta goya shi a baya, ita ma malamar firamare ce mai takardar NCE kamar ni. Shekara shida ke nan tana ba shi abinci a baki, tana lura da hawan jininsa, tana juya shi kada kwanciya ta ci masa baya. Da ta ji akwai fannin ilimi da ake kira jerontoloji, wato nazarin tsufa da kula da tsofaffi, sai ta yi niyyar karanta shi. Da ta duba sharuɗɗan shiga, sai ta naɗe tabarmar niyyarta. Wannan ne dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Gwamnati ba ta musun cewa ana bukatar wannan ilimi. Tun 2012 aka buɗe cibiyar kula da lafiyar tsofaffi ta Tony Anenih a asibitin koyarwa na Ibadan. An kafa dokar Cibiyar Dattawa ta Ƙasa, cibiyar ta fara aiki a Abuja a 2021, kuma a shekarar ne aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. A 2022 aka sa hannu a kan dokar da ta mayar da ritayar malami shekara 65 ta haihuwa ko 40 ta aiki. Duk wannan yana a takarda. Tambayar da ta rage ita ce, wa zai yi aikin a Sabon Birni da Isa, kuma ta wace ƙofa zai shiga ya koyo shi?

Mu bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya. Ta farko, kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, har da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu. Yaron da aka rufe makarantarsa zango bayan zango, aka kwashe shi zuwa wani gari, an auna shi da ma'auni ɗaya da yaron da bai taɓa jin ƙarar bindiga ba. Ta biyu, rajistar JAMB, wadda tun 2021 ba ta yiwuwa sai da lambar NIN, sai kuma an aika saƙo ta wayar salula. A watan Satumba na shekarar nan ta 2021 ne aka katse layukan waya a ƙananan hukumomin gabashin Sakkwato, har da namu. Ta uku, jarrabawar kwamfuta a cibiya mai nisa, bisa hanyar da kowa ya san sai da addu'a ake binta. Ta huɗu ita ce ta fi yi mana ciwo: mai NCE yana da damar shiga aji biyu na jami'a kai tsaye, amma galibi a tsangayar ilimi kaɗai, kuma a darussan da ya karanta a kwaleji. Ilimin tsufa kuwa mafi yawa sai bayan digiri na farko ake ba da shi, tare da neman takardar hidimar ƙasa. Ke nan malamar da na ambata sai ta yi shekaru tana neman digirin da ba shi take so ba, kafin a ba ta izinin ƙwanƙwasa ƙofar da take so. Kafin nan mahaifinta ya koma ga Mahaliccinsa.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce jami'a ba gidan sadaka ba ce, kuma sassauta sharaɗi zubar da darajar ilimi ne. Na yarda da rabin wannan magana. Ni malami ne, ba zan nemi a ba raggo digiri ba, kuma ba zan so jahili ya riƙa auna wa tsohuwata magani ba. Amma sharaɗi awo ne, kuma kowane awo sai an tambayi abin da yake aunawa. Kiredit a Turanci yana nuna mutum zai iya karanta littafi. Ba ya nuna zai iya zama da tsohon Bagobiri wanda kunnensa ya yi nauyi, ya lallashe shi da harshen da yake ji har ya sha maganinsa. Ba ya nuna zai iya shawo kan gidan da suka ɗauki gigin tsufa a matsayin maita ko taɓin aljanu. Wannan aiki da Hausa ake yin sa, da haƙuri, da sanin mutane. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa, amma a jerin sharuɗɗan babu gurbi ko ɗaya da aka ware wa mai ɗaki.

Sakamakon a fili yake. Wanda ya cika sharuɗɗan ɗan birni ne, kuma a birni zai zauna. Ba na ganin laifinsa, domin wa zai bar Sakkwato ya tare a ƙauyen da Sarkin Gobir na Gatawa kansa, dattijo mai rawani, bai tsira ba a 2024? Mu da muke nan, muke kuma nan gobe, mu ne aka bari a waje. Matasa sun tafi ci-rani, wasu iyalai sun tsallaka jihar Maraɗi gudun hijira, an bar tsofaffi da yanar ido da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki a hannun mata da malaman makaranta.

Saboda haka ina kira ga reshenmu na NUT ya rubuta takarda, ta bi ta ofishin jiha, zuwa ga Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato da hukumar NUC, da bukatu uku. Na ɗaya, a buɗe difloma a ilimin tsufa wadda mai NCE ko ma'aikacin lafiya na matakin farko zai shiga da takardar da ke hannunsa, ta kuma zama tsani zuwa digiri. Na biyu, a lissafa shekarun aiki da jinya cikin sharuɗɗa, a tantance su da ganawa ido da ido da jarrabawa mai tsauri, a kuma ba kiredit na Hausa nauyin da ya dace da shi a wannan fanni. Na uku, a tsara karatun a lokacin dogon hutu, kamar yadda aka saba yi wa malamai, domin kada aji ya zauna babu malami.

Wannan ba roƙon alfarma ba ne ga wasu. Kowannenmu da ke riƙe da alli yau, idan Allah ya ja kwana, zai wayi gari yana jiran fansho, yana neman wanda zai kama masa hannu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A taronmu na gaba zan gabatar da wannan ƙudiri, kuma ina roƙon kowa ya zo da sunan dattijo ɗaya na unguwarsu da ba shi da mai kula da shi, mu haɗa jerin mu liƙa a bayan takardar. Allah ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.