Wasiƙa Zuwa Ga Masu Sayar Da Kwamfuta Da Masu Gyaranta Na Sabon Gari, Sakkwato



Magana nake tafe da ita a kan yadda kuke raba gardamar Intel da AMD. Mai saye zai tambaya wanne ya fi gudu, sai ɗayanku ya zaro waya ya nuna masa makin da wata manhajar gwaji ta bayar, a ce an gama magana. Don Allah ku fara sanin wanda ya riƙe mudun kafin ku yarda da awon.

Kamfanonin nan ba yau suka fara sa hannu a gwaji ba. A 2010 hukumar cinikayya ta Amurka, FTC, ta sasanta da Intel bayan ta zarge shi da cewa manhajar da yake ba masu rubuta shirye-shiryen kwamfuta tana duba sunan furosesa, in ba nasa ba ne sai ta rage masa gudu. A 2011 AMD ya fice daga ƙungiyar BAPCo, yana kukan cewa gwajinta na SYSmark ya karkata. A 2018 Intel ya biya kamfanin Principled Technologies ya gwada Core i9-9900K da Ryzen 7 2700X, aka gano an kunna wani saiti da ya kashe rabin cibiyoyin aikin Ryzen, takwas suka koma huɗu, dole aka sake gwajin. Shi ma AMD bai kuɓuta ba: a 2019 ya amince ya biya dala miliyan 12.1 kan ƙarar da aka kai shi game da adadin cibiyoyin furosesansa na Bulldozer.

Ko da gwajin na gaskiya ne, a ɗaki mai sanyi aka yi shi. Mu nan a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40. Laftof ta hannu, fankarta cike da ƙurar hunturu, man sanyayarta ya bushe, in ta ɗau zafi da kanta take rage gudu, ko wane suna ke manne a jikinta.

Saboda haka ku gwada a gaban mai saye. Ku jera kwamfutocin biyu a teburi ɗaya, RAM ɗinsu daidai, kowace da SSD, duka a jone da wuta ko duka a kan batir. Ku buɗe aikin da zai yi da ita, ku bar su su yi ɗumi, ya taɓa da hannunsa ya ji. Ku faɗi janareshan, domin Core i5 na 2012 da na 2020 suna kawai suka haɗa. Ɗalibar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da za ta rubuta furojet ta fi buƙatar batir mai riƙo a kan maki mai yawa.

Mai saye bai san BAPCo ba, ku ya sani, kuma maganarku ya dogara da ita ya zaro kuɗin da ya daɗe yana tarawa. Ku faɗa masa gaskiya ko da kayan da ke shagonku ne suka zo na biyu. Allah ya sa albarka a kasuwa.

Wassalam,
Ɗan'uwanku.