Asusun Masallaci: Wa Ke Riƙe Da Littafin?



Kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, kuma kamar kullum an fara zagayawa da kwano bayan sallar Juma'a: a taimaka wa ginin masallaci, a taimaka wa Islamiyya. Kowa ya san abin da zai biyo baya. A jefa dala ashirin, dala hamsin, a shafa fatiha, a watse. Baɗi war haka gini na nan ba rufi, sai a shiga cigiyar wani Balarabe ko wani alhajin Maraɗi da zai zo ya ƙarasa mana.

Yau za mu ɗauko misali daga inda wasu ba za su so ba, wato Yahudawa. Mun san akwai mai cewa Gaza fa? Abin da gwamnatin Isra'ila ke yi maganarsa daban, kuma tana da ranarta. Mu muna magana ne a kan mutanen unguwa da ke riƙe wurin ibadarsu da aljihunsu.

A Amurka gwamnati ba ta biyan albashin malaminsu, ba ta gina masu majami'a. Kowane gida yana biyan kuɗin shekara, sannan a babbar ranar azuminsu, Yom Kippur, shugaban jama'a ya miƙe ya nemi ƙari. Da yake masu kiyaye addini a cikinsu ba sa taɓa kuɗi ko rubutu a ranar, a wurare da yawa kati ake raba wa mutane, kowa ya lanƙwasa gefen da ke ɗauke da adadin da ya yi alkawari, ya biya daga baya. Kuma ana biya.

Nan ne masu kasala ke cewa, ai su masu kuɗi ne. Wannan magana ta gaji, kuma ƙarya ce. Akwatin sadakar da ake ajiyewa a gidajensu ya yaɗu ne a tsakanin talakawan gabashin Turai, inda uwar gida ke jefa ƴan sulalla ranar Juma'a da yamma kafin ta kunna kyandir. A dokarsu, har wanda ke cin sadaka ana so ya ba da wani abu. Kalmar da suke amfani da ita, tzedakah, tushenta ɗaya da sadakarmu.

To me ke sa hannunsu saurin shiga aljihu? Mu a ganinmu amsar tana cikin wata tsohuwar ƙa'idarsu: kuɗin jama'a mutum biyu ke karɓa, mutum uku ke rabawa. Ba a yarda masu karɓar su rabu da juna a kan hanya ba. In ɗayansu ya tsinci kuɗi a ƙasa yana cikin aikin, ba zai sa a aljihunsa ba, sai ya jefa a asusun, don kada wani ya hango shi ya yi zargi. Ku dubi wannan da kyau. Ba su jira sai an samu ɓarawo ba, tun farko suka toshe ƙofar zato.

Kuma suna rubutawa. A tsohuwar Alƙahira, a majami'ar Ben Ezra, an samu tarin takardu da aka kwashe da yawansu zuwa Cambridge a 1897. A ciki har da jerin sunayen masu bayarwa da na masu karɓar burodi, na shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Mu kuwa a tambayi nawa aka tara a azumin bara, sai kallon kallo. Wanda ya matsa da tambaya a ce ba ya ganin girman manya, ko a ce yana zargin liman.

Ba ma zargin kowa da cin ko dala. Sau da yawa mai riƙe kuɗin mutumin kirki ne, an dai ɗora masa kaya shi kaɗai, ba littafi, ba shaida, ya sayi siminti yau, ya ranta wa mai haihuwa gobe, lissafi ya dagule, mutuncinsa ya tafi a banza. Cutarsa muke yi.

Kada kuma a ce mana talauci ne kawai. E, akwai talauci, rufe iyaka a 2023 ya taɓa kowa daga nan har Ɗan Isa da Jibiya. Amma matanmu ba su fasa zubin adashe ba. Me ya sa? Uwar adashe ta san wa ya zuba, kowa ya san ranar kwasarsa. Ranar biki ma ana rubuta wa ya kawo me, don a rama. Ashe mun iya lissafi, sai a kuɗin Allah ne muke jin kunyarsa. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Ga abin da muke nema daga kwamitin kowane masallaci a wannan ƙaramar hukuma kafin a sake zagayawa da kwano. Mutum biyu su ƙirga kuɗin a gaban jama'a. Mutum uku su amince kafin a kashe. A sayi littafi na dala ɗari, a riƙa rubuta tiyar gero kamar yadda ake rubuta jikar ɗan kasuwa. Ƴaƴanmu da ke Legas, Abijan da Libiya, masu turo kuɗi ta waya, a tura masu hoton shafin. Juma'ar farko ta kowane wata, bayan an sallame, wani ya miƙe da lasifika ya karanta abin da ya shigo, abin da ya fita, da abin da ya rage.