Ƙwayar bitamin D ba ta maye gurbin awon ciki

Mukan ji ana cewa ƙarancin bitamin D ne ke jawo wa masu juna biyu hawan jini, har wasu magidanta na sayo ƙwayoyin a kemis, su ɗauka sun sauke nauyi. Mu a ganinmu akwai gyara.

Maganar tana da tushe. Masu bincike sun lura cewa matan da wannan sinadari ya yi wa ƙaranci sun fi gamuwa da hawan jinin ciki. Sai dai da aka gwada ba mata ƙwayoyin, ba a samu tabbacin cewa suna hana cutar ba. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2016, ba ta ce a riƙa ba kowace mai ciki bitamin D ba. Kalsiyam ta ce a bayar, giram 1.5 zuwa 2 kullum, inda ba a samunsa sosai a abinci, kuma mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8.

Fata ce ke haɗa bitamin D daga hasken rana, kuma mu nan Yola da Jimeta ba mu rasa rana ba. Mai ciki ta riƙa fitowa tsakar gida da hantsi, ta ci ƙwai da kifi, tunda ga Binuwai.

Amma abin da ke ceton rai shi ne awo. Idan jini ya kai 140/90 bayan mako 20, akwai haɗari ko da mace tana jin ta garau. Matsanancin ciwon kai, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari, duk alamu ne cewa jijjiga na iya biyowa baya. Wannan ba bugun iska ba ne, kuma akwai allurar da ke tare shi. Ko tsakar dare ne, a garzaya Asibitin Ƙwararru na Jimeta ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama.

Kiranmu ga magidanta: kuɗin ƙwayar da likita bai rubuta ba, gara a biya Keke Napep da shi zuwa awo. Mu kuma a ƙungiyance, me zai hana mu haɗa kuɗi mu sayi na'urar auna jini a kowace unguwa?

Allah Ya sauki matanmu lafiya, amin.