Kada ki saƙa ƙulli cikin rigar jariri

 Hunturu na tafe, kin sayo zare a kasuwa, kin kama saƙa rigar sanyi ta jariri. Kina cikin aiki sai yatsanki ya ji ƙulli a tsakiyar zaren. Ko kuwa ki ga zaren ya sirance kamar zai tsinke. Mata da yawa sai su ce "ba komi", su wuce da saƙarsu. Ni kuwa shawarata ki tsaya, ki yanke wurin nan, ki fitar da shi. Ga dalilaina.

Zaren saƙa ba sili guda ba ne. Sili uku ko huɗu ne ake murɗawa wuri ɗaya. A masana'anta, in zare ya tsinke cikin inji, ƙulla shi ake yi a ci gaba. Shi ya sa kike tarar da ƙulli cikin sabon dunƙule. Wani lokaci sili ɗaya ne ya katse, sai wurin ya sirance. Wani lokaci kuma zaren ya daɗe a rumfa, rana ta cinye launinsa ta waje, ko kusu ya taɓa shi. Wannan duk ba laifinki ba ne. Amma in kin gani kin saƙa shi haka nan, to laifin ya koma kanki.

Rigar jariri ba kamar rigar babba ba ce. Kusan kullum sai an wanke ta, saboda tumbuɗi da fitsari. Ana cuɗa ta, ana matse ta, ana shanya ta. Ƙullin masana'anta ƙarami ne, bakinsa gajere. Wanki kaɗan ya isa ya kwance shi. In ya kwance, saƙa ta buɗe, rami ya fito, kuma ramin saƙa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Aikin sati biyu ya lalace a kan ƙulli guda.

Sannan ki tuna da wanda zai sa rigar. Fatar jariri taushi gare ta. Ƙulli a wuya ko a hammata yana gugarsa. Ba ya da bakin faɗa, sai kuka, uwa kuma ta rasa dalili. Akwai abin da ya fi wannan. Zaren da ya kwance yana iya naɗe ɗan yatsan jariri, ya matse shi har jini ya daina gudu. In kin ga yatsan jariri ya kumbura ya yi ja, ki duba ko zare ko gashi ya naɗe shi. In ba ki iya cire shi ba, ki kai shi likita nan take.

Ga kuma sanyi. Cikin watan Disamba da Janairu, a Maradi da Damagaram da Tawa, sanyin asuba yakan sauka ƙasa da digiri 15. Jariri sabon haihuwa yana rasa ɗumin jikinsa da sauri fiye da babba, balle wanda aka haifa bakwaini. Rigar da ta ɓule a ƙirji ba ta yi aikin da aka saƙa ta dominsa ba.

Na san abin da wata za ta ce: "Malama, zare da tsada, yanke shi ɓarna ne. Kuma yaron nan wata uku ya fi ƙarfin rigar." Gaskiya ne zare da tsada. Amma nawa za ki yanke? Bai wuce taƙi ɗaya ko biyu ba. Ko shi ma ba ya ɓata, don da shi za ki ɗinke hannun riga ko maɓalli. Batun wata uku kuwa, a gidajenmu rigar jariri ba ta mutum ɗaya ba ce. In wannan ya girma, ƙanensa zai sa, ɗan maƙwabciya ma zai sa. In kuma sayarwa kike yi, wadda rigarta ta warware ba za ta sake zuwa ba, kuma sai ta faɗa a gidan suna. Sauri ya haifi nawa.

To yaya za ki yi? In kin ci karo da ƙulli a tsakiyar layi, ki warware ki koma farkon layin. Ki yanke ƙullin da almakashi. Ki fara da zare mai kyau daga gefe. Ki bar wutsiya ta kamar santimeta 15 ga kowane zare. In kin gama riga, ki sa wutsiyar a babbar allura, ki tura ta cikin ɗinkin gefe, ta bayan riga. In ba halin komawa gefe, ki haɗa tsohon zare da sabo, ki saƙa su tare sau huɗu ko biyar, sannan ki saki tsohon. Wurin da ya sirance da wurin da ya yi dunƙule, su ma haka za ki yi musu.

Amma rigakafi ya fi magani. Tun ba ki ɗora zare bisa allurar saƙa ba, ki warware dunƙulen ki sake naɗe shi, yana bi ta tsakanin yatsunki. Duk aibin da ke ciki za ki ji shi. Ki yanki ɗan guntu ki jiƙa da ruwan ɗumi da sabulu, ki matse cikin farin ƙyalle. In launi ya zuba, kada ki haɗa shi da farin zare.

A nan ne karatunki zai yi miki rana. Takardar da aka naɗe dunƙule da ita tana da magana. Tana faɗin nauyi, giram 50 ko giram 100. Tana da lambar launi. Tana kuma da lambar rini, kusa da kalmar "bain" ko "lot". Ko marini ya san cewa rinin yau da na gobe ba su fita daidai. Don haka ki sayi zaren da zai ishe ki gaba ɗaya, mai lambar rini iri ɗaya. In ba haka ba, sai ki ga hannun riga ya fi jikinta duhu. Ki ajiye takardar har ki gama. In kin tarar da ƙulli da yawa cikin dunƙule guda, ki mayar wa mai rumfa, ki nuna masa. Kuɗinki kika ba da, ba roƙo kika yi ba.

Ƴar'uwa, ba wanda zai juya riga ya duba bayanta sai ke. Jariri bai san zaɓe ba, abin da kika sa masa shi zai kwana da shi. Ki yanke ƙullin, ki saƙa masa abin da zai kai shi ƙarshen hunturu.